Rumbun da Ke Ƙarƙashin Ƙasa da Wanda Ke Riƙe da Makullinsa

A arewacin Jamus akwai wani ƙaramin gari da ake kira Rehden. Wanda ya bi ta wurin ba zai ga komai ba sai gonaki da wasu bututai da injuna a bayan shinge. Amma a ƙarƙashin gonakin nan, a zurfin kimanin mita 2,000, akwai rumbun iskar gas mafi girma a Jamus, kuma ɗaya daga cikin mafiya girma a yammacin Turai. Yana ɗaukar kimanin kubik mita biliyan 4, wato kusan kashi ɗaya bisa biyar na duk abin da ƙasar ke iya ajiyewa. A farkon watan Afrilu na 2022, makonni kaɗan bayan Rasha ta afka wa Yukiren, abin da ya rage a cikinsa na ɗiba bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Dutsen bai tsage ba, iskar kuma ba ta tsiyaye ba. Mai rumbun ne bai cika shi ba. A shekarar 2015, shekara guda bayan Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya, kamfanin BASF na Jamus ya yi musayar kadarori da Gazprom, kamfanin gas na gwamnatin Rasha: Jamusawa suka karɓi kaso a rijiyoyin gas na yammacin Siberiya, Rashawa kuma suka mallaki harkar dillancin gas da ma'ajiyoyinta, har da Rehden. Gwamnatin Jamus ta ɗauki abin a matsayin ciniki tsakanin 'yan kasuwa, ba ta hana ba. A bazarar 2021, lokacin da ya kamata a cika rumbu don hunturu, Gazprom ya bar shi kusan wayam. Babu wata doka a lokacin da ta tilasta masa cikawa. Da yaƙi ya ɓarke, sai ga ƙasar da ta fi kowace ƙarfin masana'antu a Turai ta farga cewa makullin rumbunta yana aljihun wanda take jayayya da shi.

Ra'ayina kan ajiya a ƙarƙashin ƙasa daga nan ya samo tushe. Mutane kan tambaya ko dutse zai iya riƙe iska, alhali wannan tambaya an daɗe da amsa ta. Tambayoyin da har yanzu ake tuntuɓe a kansu na mutane ne: wane ne ke da iko da rumbun, wane ne ke kula da tsofaffin rijiyoyin da suka huda murfinsa, kuma wane ne zai biya idan abu ya ɓaci bayan kamfanin da ya fara aikin ya tattara ya-nasa-ya-nasa. Yanzu da ake tallata wa duniya, har da ƙasashen Afirka masu man fetur, wani sabon nau'in ajiya na binne iskar kabon har abada, ya kamata a san amsoshin kafin a sa hannu a kowace takarda.

Sai an fahimci yadda abin yake kafin a yi masa hukunci, domin kalmar rumbu tana iya yaudarar tunani. Mai karatu na iya zaton wani ƙaton rami ne a ƙarƙashin ƙasa, alhali mafi yawan ma'ajiyoyin duniya ba su da rami ko ɗaya. A ɗauki tubalin ƙasa busasshe a zuba masa ruwa: ruwan zai shige ya ɓace, domin tsakanin ƙwayoyin yashin akwai 'yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Haka dutsen yashi da wasu duwatsun farar ƙasa suke a can ƙasa. Idan irin wannan dutse mai shan ruwa ya samu wani dutsen laka ko gishiri a samansa wanda komai ba ya ratsawa, kuma shimfiɗar ta lanƙwasa kamar kifaffiyar ƙwarya, to an samu tarko. Iskar gas ta fi ruwa rashin nauyi, sai ta taso ta taru a ƙarƙashin ƙwaryar ta rasa hanyar fita. Da yawa daga cikin filayen gas da na mai da aka haƙa a duniya irin wannan tarko ne, kuma sun riƙe abin da ke cikinsu shekaru miliyoyi kafin ɗan Adam ya huda su.

Saboda haka dabarar farko da ta zo wa injiniyoyi mai sauƙi ce: idan filin gas ya ƙare, a mayar masa da wata iskar ta rijiyoyin da aka ɗebo ta farko. An fara gwada haka a gundumar Welland ta Kanada a 1915, sannan a 1916 aka buɗe ma'ajiyar Zoar kusa da birnin Buffalo na Amurka. Rehden ma tsohon filin gas ne da aka mayar ma'ajiya a farkon shekarun 1990. Inda babu tsohon fili, kamar kewayen birnin Paris, akan nemi shimfiɗar dutse mai ɗauke da ruwa, a tura iskar da ƙarfi ta ture ruwan gefe ta yi wa kanta mazauni.

Nau'i na uku ne kaɗai yake da kogo na gaske, kuma shi ne ya fi ba ni sha'awa. A wasu wurare akwai curin gishiri mai kaurin ɗaruruwan mita a ƙarƙashin ƙasa, ragowar tekunan da suka ƙafe tun fil azal. Akan haƙa rijiya zuwa cikinsa, a tura ruwan daɗi, ruwan ya narkar da gishirin, a zuƙo ruwan gishirin waje, a yi ta maimaitawa har shekaru sai an sassaƙa kogo. Gishiri a irin wannan zurfi yana da wata ɗabi'a ta musamman: saboda nauyin ƙasar da ke kansa yakan motsa a hankali kamar danƙo, don haka idan ƙaramar tsaga ta bayyana sai ta haɗe da kanta. Mai da gas kuma ba sa narkar da shi. Taskar man fetur ta ko-ta-kwana ta Amurka, wadda aka kafa da dokar da shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu a Disambar 1975 bayan ƙasashen Larabawa sun rufe wa Amurka famfo a 1973, tana cikin irin waɗannan kogwanni kusan 60, a wurare huɗu a jihohin Teksas da Luwiziyana. Kogo ɗaya yakan kai faɗin mita 60 da tsayin mita 600 ko fiye, ya ɗauki gangar ɗanyen mai kusan miliyan 10. Idan za a ɗebo, sai a tura ruwa ta ƙasa, man ya taso sama da kansa tunda ba ya nitsewa a ruwa. A 2022, da farashi ya yi tashin gwauron zabo, gwamnatin Joe Biden ta fitar da ganga miliyan 180 daga nan.

Akwai wani abu guda da ya sa harkar take da tsada, wanda kuma ba kasafai ake faɗa ba. Rumbun hatsi ana iya share shi tas, amma rumbun gas ba a iyawa. Dole a bar wani kaso na iskar a ciki dindindin don matsin ya tsaya, in ba haka ba sauran ba za ta fito da ƙarfi ba, ruwa kuma na iya mamaye wurin. Kamar uwar kuɗin ɗan kasuwa ce, ba a cin ta. A tsohon filin gas takan kai rabin duk abin da ke ciki, a shimfiɗar ruwa ta fi haka nesa, a kogon gishiri kuma ba ta cika wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Wato kafin mai ma'ajiya ya sayar da ko kubik mita ɗaya, ya riga ya binne dukiya mai yawa da ba zai sake gani da wuri ba.

To me ke biyan wannan wahala? A ƙasashen sanyi, bambancin farashin bazara da na hunturu: a saya da araha lokacin zafi, a sayar da tsada lokacin da kowa ya kunna na'urar ɗumama ɗaki. Duk manomin da ya taɓa riƙe gero daga kaka zuwa tsakiyar damina ya san wannan lissafi. Matsalar ita ce idan aka yi shekaru a jere kasuwa tana cike, bambancin ya kan ƙanƙance, sai ajiyar ta zama asara a idon ɗan kasuwa. Haka ta faru a Birtaniya. Ma'ajiyar Rough da ke ƙarƙashin Tekun Arewa ita ce ke da kusan kashi 70 cikin ɗari na ajiyar gas ta ƙasar. A 2017 kamfanin Centrica ya rufe ta saboda rijiyoyinta sun tsufa, gyaransu kuma ba zai mayar da kuɗinsa ba, gwamnati kuma ta ce ba za ta tallafa ba tunda ana iya sayo gas ta jiragen ruwa. A watan Oktoba na 2022 aka sake buɗe wani ɓangarenta cikin gaggawa.

Kamfanin bai yi wauta ba. Lissafinsa daidai yake a ma'aunin riba. Amfanin rumbu na gaskiya yana bayyana ne a shekarar da ba a zata ba, kuma wanda ya fi cin wannan amfani al'umma ce baki ɗaya, masu gidan burodi da asibitoci da masana'antun taki, waɗanda ba su biya mai rumbu ko kwabo ba a shekarun yalwa. Abin da kowa ke amfana da shi amma babu mai biyansa, kasuwa ba ta gina shi yadda ya isa. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Kowane ɗan makarantar allo ya san wanda aka ɗora wa kula da taskokin Masar a zamanin Annabi Yusufu, kuma ya san hukuma ce ta ɗora shi. Turai ta sake koyon darasin da tsada. Jamus ta karɓe reshen Gazprom na ƙasarta a Afrilun 2022, daga baya ta mayar da shi mallakar gwamnati, ta buɗe bashin Yuro biliyan 15 don a sayi gas a cika ma'ajiyoyi ko nawa ne farashinsa. Tarayyar Turai ta kafa doka a watan Yuni cewa dole ma'ajiyoyi su kai kashi 80 cikin ɗari kafin 1 ga Nuwamban shekarar, sannan kashi 90 a shekarun da suka biyo baya. Da yake kowa ya ruga kasuwa lokaci guda, a watan Agusta farashin ya haura Yuro 300 kan kowane megawat na sa'a, ninkin-ba-ninkin abin da aka saba. Gorar da aka fafe ranar tafiya ke nan, kuma masu biyan kuɗin gas ne aka ɗora wa wani haraji na musamman don cike gurbin.

Sai batun haɗari. Idan aka bi tarihin ma'ajiyoyin da suka ba da matsala, za a ga abu ɗaya yana yawan maimaita kansa: murfin da Allah ya halitta ba kasafai yake gazawa ba, ramin da mutum ya huda a jikinsa ne ke gazawa. A ranar 23 ga Oktoban 2015 wata rijiya a ma'ajiyar Aliso Canyon, a gefen birnin Los Angeles, ta fara fitar da gas. An haƙa ta ne tun farkon shekarun 1950 don mai, aka mayar da ita ta ajiyar gas a shekarun 1970, aka cire mata bawul ɗin kariya na can ƙasa a 1979 ba a mayar ba. Tsatsa ta cinye bututun ƙarfen daga waje. Sai da aka shafe kusan wata huɗu kafin a toshe ta, bayan ta saki kimanin tan 100,000 na iskar metan, dubban iyalai a unguwar Porter Ranch kuma sun bar gidajensu saboda ciwon kai da haɓo da tashin zuciya. Kamfanin SoCalGas ya amince a 2021 zai biya har Dala biliyan 1.8 ga waɗanda suka kai ƙara. A garin Hutchinson na jihar Kansas kuwa, a Janairun 2001, gas ya tsere daga wata ma'ajiyar gishiri, ya yi tafiyar kilomita goma da ɗoriya a ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo ta tsofaffin rijiyoyin gishiri da aka manta da su a cikin gari. Mutum biyu suka mutu.

Misalin Sifaniya daban yake, kuma ya fi koyar da batun kuɗi. An gina ma'ajiyar Castor a wani tsohon filin mai da ke cikin teku, gabas da ƙasar. Da ake tura iskar farko a Satumban 2013, sai girgizar ƙasa ɗaruruwa suka biyo baya, mafi ƙarfinsu ta ɗara maki 4, mutanen garuruwan gaɓar teku suka ji ta a jikinsu. Aka dakatar da aikin, bai kuma taɓa sayar da gas ba. Amma yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla tun farko ta ba kamfanin damar mayar da aikin ya karɓi kuɗinsa, don haka a 2014 aka biya shi Yuro biliyan 1.35, da nufin a riƙa cirewa daga kuɗin gas na jama'a har shekara 30. An yi ta shari'a a kan wannan daga baya, amma kuɗin bai fito daga aljihun waɗanda suka gina wurin ba. Sakin layi ɗaya da aka rubuta shekaru kafin girgizar ne ya yanke wanda zai ɗauki asarar.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a guji ajiyar gas a ƙarƙashin ƙasa. Amurka kaɗai tana da ma'ajiyoyi kusan 400, mafi yawansu suna aiki shekara da shekaru ba a jin ɗuriyarsu. Tankunan ƙarfe a doron ƙasa ba za su iya ɗaukar ko kusa da wannan adadi ba, kuma sun fi fuskantar gobara da hari. Akwai ma wani dalili na ɗabi'ar ɗan Adam da ke sa irin wannan ajiya ta zama abin dogaro: mai gas yana son gas ɗinsa. Duk kubik mitar da ta tsiyaye kuɗinsa ne ya tafi, don haka yana auna abin da ya shiga da abin da ya fito, ko da hukuma ba ta sa shi ba.

A nan ne binne iskar kabon ya sha bamban, kuma a ganina ba a cika faɗar wannan bambanci a fili ba. Duwatsun iri ɗaya ne, rijiyoyin iri ɗaya, injiniyoyin ma sau da yawa su ne dai. Sai dai wanda ya binne kabon ba ya fatan sake ganinsa. An biya shi ne ranar da ya tura, ko ta hanyar tallafi, ko rangwamen haraji, ko takardar shaidar da zai sayar wa wani mai gurɓata iska. Idan iskar ta sulale bayan shekara arba'in, babu abin da ya ragu a asusunsa sai idan doka ta bi shi. Ajiyar gas ciniki ne da ke tsare kansa. Binne kabon amana ce ta ɗaruruwan shekaru, wadda tsaronta ya rataya kacokan a kan hukuma mai ido da kotu mai haƙori.

Ta fuskar kimiyya abin yana yiwuwa, wannan babu musu. Idan aka tura iskar ƙasa da zurfin mita 800, matsi da zafi kan dunƙule ta ta yi kauri kusa da na ruwa, ta ci wuri kaɗan. Da tafiyar lokaci wani kaso ya maƙale a ƙofofin dutsen, wani ya narke a ruwan gishirin da ke wurin, wani kuma a ƙarshe ya zama dutse. A filin Sleipner da ke tekun Norwe ana yin haka tun 1996. Gas ɗin filin yana zuwa da kabon kimanin kashi 9 cikin ɗari, fiye da yadda masu saye ke karɓa, don haka dole a tace shi ko ana so ko ba a so. Norwe kuma ta sa harajin kabon tun 1991, sai binnewa ta fi saki a iska araha. An tura miliyoyin tan cikin shimfiɗar yashin Utsira, ana kuma bibiyar yaɗuwarsa da na'urorin sauti. A Aisland ma an nuna cewa idan aka narkar da kabon a ruwa aka tura cikin dutsen aman wuta, mafi yawansa kan daskare ya zama ma'adini cikin shekara biyu, ko da yake hanyar tana shan ruwa mai yawan gaske.

Amma mu dubi wanda ya fi kusa da mu. A In Salah, tsakiyar Saharar Aljeriya, kamfanonin BP da Statoil da Sonatrach sun binne tan miliyan 3.8 na kabon tsakanin 2004 da 2011, a wata siririyar shimfiɗar yashi mai kaurin mita 20 a zurfin kusan kilomita biyu. Taurarin ɗan'adam suka nuna doron hamadar yana kumbura da 'yan milimitoci a shekara a saman rijiyoyin, bincike kuma ya nuna alamar matsin ya fara tsaga ƙasan murfin. An samu ɗan yoyo a wata tsohuwar rijiyar gwaji da ba a toshe da kyau ba. A 2011 aka dakatar da turawa. Ni a wurina In Salah ba labarin gazawa ba ne. An ga alamar haɗari da wuri an tsaya, domin an ware kuɗi masu yawa na sa ido, tunda aikin na nuna wa duniya ne. Abin tambaya shi ne aiki na ɗari da hamsin, wanda babu wata jami'a da ke kallonsa, wa zai biya kuɗin tauraron? A Ostireliya kuwa, Chevron ya samu izinin aikin gas na Gorgon bisa sharaɗin binne kashi 80 cikin ɗari na kabon da ke fitowa daga filin. Bai fara turawa ba sai 2019, shekaru bayan ya fara sayar da gas, kuma ya kasa cika alƙawarin saboda matsalar sarrafa matsi da ruwa da yashi. Gas ɗin dai bai daina fita kasuwa ba.

Ga kuma girman aikin. Duniya tana sakin kimanin tan biliyan 37 na kabon a shekara daga makamashi, duk masana'antun kama kabon da ke aiki kuwa ƙarfinsu bai wuce tan miliyan 50 da ɗoriya ba. Mafi yawan abin da ake kamawar ma ana tura shi ne cikin tsofaffin filayen mai don a tatso ƙarin mai. Masu goyon baya suna da hujja guda mai ƙarfi da na yarda da ita: masana'antar siminti tana fitar da kabon daga jikin farar ƙasar da take gasawa, ko da wutar rana aka gasa ta, don haka irin wannan hayaƙi babu inda za a kai shi sai ƙasa. Norwe ta gina aikin Northern Lights ne don irin wannan, ana ɗauko kabon a jirgin ruwa a binne a ƙarƙashin teku. A yi shi don siminti da makamantansa, a wuraren da aka auna sosai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da shi lasisin ci gaba da komai kamar da.

Ko a Turai, inda hukumomi ke da ƙarfi, dokar Tarayyar ta 2009 ta tanadi cewa bayan an rufe wurin binnewa da aƙalla shekara 20, idan shaidu sun nuna iskar ta zauna, alhakin yana komawa wuyan gwamnati. Sun san babu kamfanin da zai rayu muddin da amanar za ta rayu. Kuma iskar kabon ba abin wasa ba ce idan ta taru: ba ta da launi, ta fi iskar shaƙa nauyi, tana bin kwari ta kwanta. Mutanen Kamaru ba sa buƙatar a yi musu bayani, domin a daren 21 ga Agustan 1986 tafkin Nyos ya yi aman ta, ta kashe mutum sama da 1,700 da dubban dabbobi. Adalci ne a ce wancan abu ne na halitta, kuma dutse mai ƙananan ƙofofi ba ya amayar da abin cikinsa lokaci guda kamar tafki. Bututun da ke kai iskar ne abin tsoro: a 2020 wani ya fashe kusa da ƙauyen Satartia na jihar Misisipi, aka kai mutum fiye da 40 asibiti, motoci kuma suka riƙa mutuwa a hanya saboda injunansu sun rasa iskar ƙonawa.

Nijeriya tana da alaƙa da wannan magana fiye da yadda ake zato, domin ta daɗe da kafa dokar mayar da gas ƙarƙashin ƙasa. A 1979 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta umarci kamfanonin mai su riƙa mayar da gas ɗin da ke fitowa tare da mai cikin ƙasa ko su yi amfani da shi, ta kuma sa Janairun 1984 a matsayin ranar daina ƙona shi a sararin sama. Ranar ta zo ta wuce, aka maye gurbinta da tarar da ta fi kuɗin gyara araha nesa ba kusa ba, aka yi ta ɗage wa'adi. Fiye da shekara 40 bayan haka, Bankin Duniya yana lissafa Nijeriya cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas. Harshen wuta ne da ake hangowa daga nisan kilomitoci, tauraron ɗan'adam ma yana ƙirga shi da dare, amma an kasa hana shi. Ƙasar da ta kasa tsawata wa abin da ido ke gani, da wane ƙarfi za ta bibiyi iska marar launi a zurfin kilomita biyu har shekara ɗari?

Yankin Neja Delta yana da tsofaffin filayen mai da gas da shimfiɗun yashi masu kauri, irin waɗanda masu neman wurin binne kabon ke so. Amma yana kuma da dubban rijiyoyi da aka haƙa tun daga Oloibiri a 1956, kuma kowace rijiya huda ce a murfi. A Nuwamban 2021 wata rijiya da ba ta aiki a yankin Nembe na jihar Bayelsa ta yi ta feshin mai da gas fiye da wata guda kafin a shawo kanta. A lokacin filin yana hannun kamfanin Aiteo ne, wanda ya saye shi daga Shell a 2015. Manyan kamfanonin waje suna ta sayar da filayensu na kan tudu ga na cikin gida, kuma a 2025 Shell ya kammala miƙa reshensa na kan tudu ga Renaissance. Duk lokacin da fili ya sauya hannu, tambayar wanda zai toshe tsofaffin rijiyoyi tana ƙara rikicewa. Idan har za a bar wani ya binne kabon a irin wannan wuri, to kafin tan na farko ya shiga sai an ƙidaya kowace rijiya da ke kewayen an toshe ta, an ajiye kuɗin sa ido na shekaru masu yawa a asusun da kamfanin ba ya iya taɓawa, an kuma rubuta ƙarara cewa sayar da fili ba ya sauke alhaki daga wuyan mai sayarwa.

Ajiyar da ta fi cancantar kuɗinmu da hankalinmu ita ce ta farko, wadda ake sakawa a ɗebo. Nijeriya tana da gas da aka tabbatar fiye da kubik ƙafa tiriliyan 200, mafi yawan wutar lantarkinta kuma daga tashoshin gas take fitowa. Idan aka fasa bututu ko wata masana'antar tace gas ta tsaya don gyara, tashoshin sukan rage aiki cikin sa'o'i, domin abin da ke cikin bututun shi ke nan abin da suke da shi. Ba mu da hunturun Turai, amma muna da katsewa, wadda ita ma rumbu ne maganinta. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, zai sa masana'antun arewa a ƙarshen dogon layi guda, inda duk abin da ya faru a kudu zai iso su. Kano da Kaduna suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda ba shi da ƙofofin riƙe gas, don haka ma'ajiyar ƙarƙashin ƙasa ba za ta kasance a Sharaɗa ko Kakuri ba. Sai a duba kwaruruwan da ke da shimfiɗun yashi, irin na Bida da na Binuwai, a haƙa a auna a ga ko akwai murfin da zai riƙe. Kwarin Sakkwato da na Chadi ma suna da shimfiɗun, amma daga cikinsu ne miliyoyin mutane ke samun ruwan sha, Maiduguri ma daga nan rijiyoyin burtsatsenta ke ja, don haka duk shimfiɗar da ruwanta ke shayuwa a cire ta daga lissafi tun kafin a fara.